Bindigar Wasa ta Iska daga Guntun Bututu: Nazarin Abin da Aka Yi a Wani Gida a Tudun Wada

Gidan yana Tudun Wada a cikin Kaduna, gida ne na gado mai sassa huɗu da tsakar gida ɗaya, yara kuwa tun daga masu rarrafe har 'yan aji shida na firamare. Kowace Sallah kuɗin barka da Sallah na yara mazan gidan a wajen masu sayar da bindigar roba yake ƙarewa, irin mai harba 'yan ƙananan ƙwallaye masu tauri. A wannan karon ƙwallo ɗaya ya sami wata yarinya a ƙasan ido, wurin ya tashi ya yi jini-jini, Allah ya kiyaye bai shiga ciki ba. Mai gida ya sa aka tattara bindigogin duka aka kulle. Kwana biyu ba a yi ba yaran suka koma danƙo da tsakuwa, wanda ya fi na farko haɗari. Nan kawun yaran, wanda sana'arsa wayarin ce, ya ɗauki nauyin samo musu abin harbi da za a haɗa da kayan cikin gida, mai ƙara yadda suke so, amma wanda ba zai karɓi dutse ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya raba gardama wajen zaɓen irin da za a yi.

Abin da aka gwada aka ajiye

Na farko da yaran suka kawo da kansu shi ne na balan-balan. Ana yanke wuyan robar ruwa, a ɗaure balan-balan a bakin, a jefa abu ciki, a ja a saki. Minti biyar ya isa a haɗa shi, kuma yana harbi sosai. Illarsa ita ce ba ya zaɓe. Duk abin da aka jefa masa zai tafi da shi, ko tsakuwa ce, ko ƙwallon dabino, ko kan ƙusa. Ko an ba yaro audugar da zai harba, da zarar babba ya juya baya zai duƙa ya tsinci dutse. Ga kuma tsumman balan-balan idan ya fashe, wanda ƙananan yara ke tsotsa, abin da ya sa a ƙasashe da dama ake rubuta gargaɗi a jikin ledarsa game da yaran da ba su kai shekara 8 ba. Aka soke shi.

Na biyu tsohon yayi ne, wato sandar ganyen gwanda, mai rami a ciki. Ana yanke ta, a cusa jiƙaƙƙiyar takarda gaba da baya, a tura da kara. Tana aiki, sai dai raminta ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, gindi ya fi faɗi, kuma tana yin yaushi ta tsage cikin kwana ɗaya ko biyu. Farin ruwan da ke fita daga gwanda idan an yanka yana sa ƙaiƙayi a fata, balle ya taɓa ido. Gora ta fi ta ƙarko nesa ba kusa ba, amma samun gaɓa madaidaiciya mai santsin ciki a tsakiyar gari ba abu ne na nan take ba. Abin da aka ɗauka daga ta gwanda shi ne dabarar, aka sauya jikin da farin bututun roba da masu wayarin ke zura waya a ciki idan ana gini. Irin guntayensa ba sa wuya a inda ake gini, kuma ana samun su a wajen masu kayan lantarki da masu tsofaffin kaya a Panteka.

Yadda take aiki

Babu danƙo a jikinta, babu sifirin, babu wuta. Toshe biyu ne a cikin bututu ɗaya, ɗaya a baki ɗaya a gindi, da iska a kulle tsakaninsu. Idan aka tura na gindi da sanda, wurin da iskar take yana raguwa, ƙarfin matsinta yana hawa, har ya fi ƙarfin riƙon da na baki ya yi wa bangon bututu, sai ya fita da ƙara. Daidai yake da famfon busa tayar keke idan ka toshe bakinsa da yatsa ka danna.

Masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana ƙa'idar tun 1662: idan aka matse iska ta koma rabin wurin da take, matsinta yana ninkawa biyu, muddin zafinta bai sauya ba. Iskar da muke ciki tana danna kowace santimita murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya. Bututu mai lamba 20, wato milimita 20 daga waje, raminsa yakan kai kusan milimita 17, ya danganta da kaurin robar, faɗin fuskar toshen ke nan ya kai kusan santimita murabba'i 2.3. Saboda haka lokacin da sanda ta kai rabin hanya, abin da ke tura toshen gaba ya kai nauyin kilo biyu da ɗoriya, kuma daidai wannan nauyin ne hannun yaro yake turawa daga baya. Wannan lissafi ne ya sa aka bar bututu mai lamba 25, duk da manyan yaran sun fi son sa don ya fi cika hannu. Raminsa ya kusa milimita 22, nauyin da ake turawa a rabin hanya ya doshi kilo huɗu, ɗan shekara shida ba zai iya yi masa turi ɗaya mai sauri ba, sai ya dafa sandar a cikinsa, wanda ba a so.

Babban amfanin wannan tsari shi ne tsakuwa ba ta toshe bututu. Iska za ta bi gefenta ta wuce, ta gangaro ta faɗi a ƙafar mai harbi. Abin da zai harbu dole ya zama mai laushi da zai manne da bango ko'ina. Yaro mai wayo zai iya naɗe tsakuwa a cikin jiƙaƙƙiyar takarda, gaskiya ne, kuma za a zo kan wannan, amma a ƙalla ba abu ne da zai faru da duƙawa ɗaya ba.

Kayan aiki da haɗawa

Kowace bindiga ta ci bututu mai lamba 20 tsawon santimita 35, aka raba shi biyu, 25 na jiki, 10 na mariƙi. Sai sanda madaidaiciya mai kaurin milimita 12 zuwa 14, tsawon santimita 33. An yi amfani da busasshen reshen dogonyaro da aka kankare, tsohuwar muciya siririya ma ta yi a guda ɗaya. Ɗanyen reshe ba ya yi, yana lanƙwasa a tsakiyar turi. Sauran kayan su ne zarton ƙarfe, sanfefa, tsinken tub ɗin keke da aka yanka faɗin yatsa, salatif mai launi, tsofaffin silifas, da kofin ruwa da aka ɗiga wa sabulu. Yanka da zarto da wuƙa duk babba ne ya yi, yara suka yi gugar sanfefa da naɗi.

Ana yanka bututun a miƙe, kada bakin ya karkace. Bayan yanka za a ga ɓurɓushin roba ya tsaya a gefen ramin kamar haƙora. Wannan sai an goge shi tas, ciki da waje. Ana naɗa sanfefa a jikin fensir a zura a juya, har in ka zagaya da yatsa ba ka jin kaushi. A gefen gindi ana ƙara guga kaɗan ta ciki don bakin ya ɗan buɗe, toshe ya shiga ba tare da ya yage ba. A gefen baki kuwa a goge kaushin kawai, kada a faɗaɗa, domin can ake son riƙo.

Mariƙi shi ne guntun nan na santimita 10. Ana naɗa tub a gindin sandar har ya yi kaurin da sai da ƙarfi zai shiga guntun, a cusa, a tabbatar ba ya motsi. Amfaninsa biyu ne: wurin kamawa, da kuma birki, domin idan aka tura sanda, bakin mariƙin yana cin karo da gindin bututun ya tsaya.

Tsawon sandar da ya fito daga mariƙi shi ne awon da ya fi kowane muhimmanci, kuma nan ne aka fi kuskure. Dole ya gaza tsawon bututun da kaurin toshe ɗaya da ɗan ƙari. Da bututu mai santimita 25 da toshe mai kaurin santimita ɗaya da rabi, sandar da ta fito ta zama 23. Ta haka idan aka harba, toshen baya yana tafiya ya tsaya daidai a baki, ya zama shi ne harsashin gaba, mai harbi sabon toshe ɗaya kawai zai sa a gindi. Kan sandar a yanke shi a shafe, a goge gefensa, kada a fiƙe shi ko kaɗan.

Batun harsashi

Nan aka fi ɓata lokaci, domin jikin bindigar bai taɓa ba da matsala ba bayan an gyara tsawon sanda da gugar bututu, duk rigimar a kan abin da ake cusawa take.

Jiƙaƙƙiyar takarda aka fara da ita. Falle ɗaya na littafin rubutu, a jiƙa shi ya sha ruwa sosai, a matse, a mulmula, yana ba da toshe mai tsawon kusan santimita biyu, daidai ramin. Tsohuwar jarida ta fi saurin laushi, takarda mai sheƙi ta kalanda kuwa ba ta shan ruwa, ba ta yi. Takarda tana toshewa da kyau kuma tana ba da ƙara mai daɗi. Wani abin da ya burge yaran shi ne ɗan farin hazo da ke fitowa a baki bayan harbi, suna ta ihun hayaki. Ba hayaki ba ne. Iskar da ke ciki ta ɗauki danshi, da ta kuɓuce ta faɗaɗa nan take sai ta yi sanyi, danshin ya zama hazo na ƙiftawar ido. Matsalar takarda uku ce. Tana da nauyi idan ta sha ruwa, in ta sami mutum a kusa yana ji. Tana manne wa bango ta bushe a can, matan gida kuwa ba su ɗauki wannan da wasa ba. Sannan ita ce kaɗai ake iya ɓoye tsakuwa a cikinta. Da hunturu akwai ta huɗu: toshen da aka bari a baki yakan bushe ya tsuke cikin ɗan lokaci, sai a zo harbi iska ta zurare.

Dankali aka gwada na biyu. A yanka shi faifai mai kaurin santimita ɗaya da rabi, a ɗora a kan katako, a danna gindin bututun a kai, ya yanko toshe daidai ramin da kansa. Wajen toshewa babu kamarsa. Uwargidan sashen farko ce ta tsayar da shi da magana ɗaya: "Kawu, abincin ne za a riƙa harbawa a bango?" Ko ba don haka ba, dankalin Hausa yana da tauri fiye da yadda ake so, kuma guntayensa na tara ƙuda.

Wani yaro ya kawo soson tsohuwar katifa, yana ganin ai shi ya fi komai laushi. Ko motsi bai yi ba. Soson katifa ramukansa a buɗe suke, suna haɗe da juna, iska tana ratsa shi kamar babu komai. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗora abin a bakinka ka hura, in iska ta fita ta ɗaya gefen, ba zai yi harsashi ba.

Silifa ce ta ci gwajin. Robar silifas ita ma soso ce, amma kowane ɗan rami a rufe yake shi kaɗai, iska ba ta wucewa, ga ta ba nauyi. Ana wanke tsohuwar silifa, a zaɓi wurin da kaurinsa bai gaza santimita ɗaya da rabi ba, yawanci wajen dunduniya ya riga ya cinye, tsakiya da gefe ake samu. A danna bakin bututu a kai ya bar zane biyu, na ciki da na waje. Ana yanka ne a tsakanin zanen biyu, wato toshen ya fi ramin faɗi da kamar milimita ɗaya. A yanka a tsaye, kada wuƙar ta kwanta, sannan a goge gefen da sanfefa ya zama da'ira. Silifa ɗaya ta babba tana ba da goma sha wani abu. Kafin a cusa ana tsoma shi a ruwan sabulu. Ba a sa man gyaɗa ko man shafawa, yana kama ƙura ya zama dauɗa a cikin bututun, kuma santsinsa ya yi yawa, toshen gaba yakan fita tun iska ba ta matsu ba. Silifa mai tauri irin wadda ba ta lotsawa idan ka danna da babban yatsa a bar ta.

Da wannan harsashi bindigar tana kaiwa taku shida zuwa takwas kafin ya faɗi, kuma saboda rashin nauyi yana rasa gudunsa da wuri. A taku huɗu yana kayar da gwangwanin madara marar komai, abin da yaran ke nema ke nan.

Inda ta ƙi tashi, da dalili

Bindiga shida aka haɗa a zama na farko, ba duka suka tashi ba. Ɗaya tana fitar da toshe biyu tare ba ƙara. Sandarta ta yi tsawo, tana ture na baya har waje, aka rage santimita biyu ta daidaita. Wata kuma akasin haka, sandar ta gaza da yawa, toshen baya yana tsayawa a can ciki nesa da baki. Harbi na gaba sai iskar da ke tsakani ta zama kaɗan, harsashin kuma yana da sauran tafiya a cikin bututu, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya fito. Wannan babu gyara sai sabuwar sanda.

Ta uku tana yin huci kawai, fuu, ba ta fashewa. Da aka ciro toshen aka ga gefensa ya karce a tsaye. Ba a goge gindin bututun da kyau ba, kaushin yana yanka masa hanya tun wajen shiga, iska na bi ta nan. A irin wannan hali a fara duba toshen baya, domin shi ne yake tafiya mai nisa, shi ya fi lalacewa. Akwai kuma wadda bututunta ya daɗe a rana a kan rufi, ya koma ruwan ƙwai ya yi gautsi, ya tsage wajen yanka. Irin wannan a jefar da shi tun farko, tsagewarsa tana barin baki mai kaifi. Bututun da ya lanƙwasa ma haka. Kada a ce za a gasa shi a wuta a miƙe shi, ramin yana lotsewa ya daina zama da'ira, hayaƙin wannan roba kuma guba ne.

Sauran matsalar a hannun masu harbi take. Ƙananan suna tura sanda a hankali don tsoron ƙarar, iska kuwa komai kyan toshe tana samun ɗan wurin zurarewa idan aka ba ta lokaci. Turi ɗaya ake yi mai sauri da tafin hannu. Manyan kuma suka gano cewa in toshen gaba ya fi matsewa ƙara ta fi yawa, sai suka fara yanka manya suna dannawa da ƙarfi. Zuwa wani mataki hakan gaskiya ne, amma da ya wuce, na gaba ya ƙi fita, na baya ya juya a kaikaice, sanda ta kuɓuce, wani ya buge yatsa tsakanin mariƙi da bututu. Ma'aunin da aka tsayar shi ne toshe ya shiga da turin babban yatsa ɗaya. In sai an buga shi a ƙasa kafin ya shiga, ya yi girma. Riƙon ma aka gyara: hannun hagu a tsakiyar bututu, ba a gindinsa ba, don kada fata ta shiga inda mariƙi ke sauka.

Dokokin da aka kafa

Laushin harsashi bai sa ido ya zama abin wasa ba. Daga taku ɗaya ko silifa ce tana iya yi wa ido lahani, don haka dokar farko ita ce ba a saita mutum, ba a saita dabba, ba a leƙa bakin bututu a ga me ya hana ta tashi. Wannan na ƙarshe shi ya fi faruwa, kuma shi ya fi haɗari, domin yaro na leƙawa ne hannunsa na kan sanda. In ta ƙi tashi a zare sandar tukuna. Aka jera gwangwanaye a gindin katangar da ba ta da taga, aka ja layi da gawayi a taku huɗu, kowa yana bayan layi, ba mai zuwa tsintar harsashi sai an ajiye bindigogi a ƙasa. Wanda ya saɓa, tasa ta kwana biyu a ɗakin Kawu. Idan tsautsayi ya sa wani abu ya sami ido, ba a murzawa, ba a ɗiga masa komai na gida, a rufe shi sama-sama ba tare da dannawa ba a tafi asibiti. Kaduna na da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, ba sai an yi doguwar tafiya ba.

Abu na biyu ya shafi masu rarrafe. Gwajin da ake yi wa kayan wasa a Turai da Amurka yana amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya ana ɗaukar sa abin da zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Toshe mai milimita 18 ya shige da sauran wuri. Saboda haka aka sa ƙidaya: kowane yaro harsashi goma a gwangwaninsa, goma zai mayar kafin magariba, kuma ba a wasan sai ƙananan suna ɗaki ko a goye. Awakin gidan ma sai an ɗaure su, don ba sa barin roba a ƙasa.

Na uku shi ne kamanni. Manyan yaran sun so a shafa mata baƙin fenti, a ƙara mata gindi na katako ta yi kama da ta gaske. Aka hana. A Amurka doka ce bindigar wasa ta ɗauki alama mai launin ruwan lemo a baki don a bambanta ta da ta gaske, kuma dalilin bai tsaya can ba. A garin da jami'an tsaro ke sintiri da dare, ba hikima ba ce yaro ya fito lungu da magariba riƙe da baƙin abu mai siffar makami. Aka bar bututun fari, kowa ya naɗa salatif ja ko kore ko rawaya don ya gane tasa, kuma iyakarta zaure.

Abin da ya rage ba a gama magancewa ba shi ne ƙarewar toshe. Bayan an yi ta harba shi gefensa yana cinyewa, ya fara shiga ba tare da turi ba, ƙara ta ragu, yaran kuma su fara waiwayen takarda tunda ita ba ta buƙatar wuƙa. Tsoma toshen da ya lotse a ruwan ɗumi yana ɗan dawo da shi, amma wanda ya cinye sai sabo. Don haka aka ajiye buhu a zaure na tara silifas da suka tsinke, babbar yayarsu tana zana da'irorin da bakin bututu, wani babba ya yanka a ƙarshen mako.